Tambaya da Amsa: Yaya Zan Sa Sabobi Goma Sha Biyu Su Riƙa Sabunta Kansu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a sashen kwamfuta na wata ma'aikata mai zaman kanta a nan Sakkwato, kuma ni kaɗai nake kula da sabobi goma sha biyu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai da ayyukan ma'aikatar. Takwas suna aiki da Ubuntu, huɗu da Windows Server; goma na kamfanin Dell ne, biyu na HPE. Duk lokacin da sabuntawa ta fito sai in bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, abin da ke cinye mini daren Asabar kacokan, shi ya sa wani lokaci nakan bar su watanni ban taɓa ba. Famwaya (firmware) kuwa, wato manhajar da ke cikin ƙarfen na'urar, ban taɓa sabunta ta ba tun da aka sayo su. Shin akwai hanyar da zan sa dukkansu su riƙa sabunta kansu? Daga mai karatu a unguwar Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanya tana nan, amma zan so ka gyara kalma ɗaya a tambayarka, wato "dukkansu", domin abin da nake so ka gina shi ne tsarin da zai yi maka aikin rukuni bayan rukuni, ya kuma tsaya da kansa da zarar wani abu ya lalace.

Barin sabobi watanni babu faci, wato gyaran da ke toshe ɓarakar manhaja, ba ƙaramin haɗari ba ne. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai garkuwa da bayanai, WannaCry, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Birtaniya, alhali Microsoft ya fitar da facin da ke toshe wannan ƙofa tun a watan Maris na shekarar. To amma gaggawa ma tana da nata sharrin. A ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wata gurɓatacciyar sabuntawa ga abokan cinikinsa a lokaci guda, kuma bisa ƙiyasin Microsoft, na'urori kimanin miliyan 8.5 masu Windows suka durƙushe, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ƙin kalmar "dukkansu".

Mu fara da manhaja, domin ita ce mai sauƙi. Ubuntu yana zuwa da unattended-upgrades, wanda ke saukar da facin tsaro kullum ya saka shi, kuma a yadda aka saita shi tun asali ba ya kashe sabar ya sake kunna ta. Ka bar shi a haka. Sauran aikin kuwa, wato manyan sabuntawa da sake kunnawa, ka miƙa shi ga Ansible, manhajar kyauta da ta fito a 2012, wadda kamfanin Red Hat ya saya a 2015. Na zaɓar maka ita ne saboda ba sai ka saka wata ƙarin manhaja da za ta wakilce ta a cikin kowace sabar ba. Daga kwamfuta ɗaya mai Linux take shiga sauran ta hanyar SSH, ta shiga na Windows ta WinRM (dukansu hanyoyin sarrafa kwamfuta ne daga nesa), ta bi umarnin da ka rubuta mata a fayil ɗaya. A cikin wannan fayil akwai kalmar serial, wadda da ita za ka ce a yi sabar ɗaya tukuna, sannan uku, sannan sauran, ka kuma gindaya sharaɗin cewa idan ɗaya ta gaza a dakatar da komai. Sabar farko ta kasance wadda mutuwarta ba za ta hana kowa albashi ba. Bayan ta dawo, umarnin ya duba ko shafin ma'aikata yana buɗewa kuma rumbun bayanai yana amsawa, domin kunnuwar na'ura ba ita ce shaidar lafiyar aikin da ke cikinta ba.

Na Windows kuwa jadawalinsu sananne ne: Microsoft yana fitar da facinsa a Talata ta biyu ta kowane wata. Ka saka wa sabar gwaji a ranar Laraba, ka ba ta kwana biyu ko uku, sannan sauran su biyo baya a ƙarshen mako. Kuma tun da kuɗin data ba wasa ba ne, ga sabobin Ubuntu ka kafa manhajar apt-cacher-ng a sabar ɗaya, ta yadda za a sauko da fayil sau ɗaya daga intanet, sauran bakwai su ɗauka daga gida.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato famwaya. Ita ce manhajar da ke kwance a cikin ƙarfen na'urar kanta: BIOS mai tayar da na'urar idan an kunna ta, da katin da ke haɗa faifan ajiya, da katin sadarwa, har da su faifan. Idan manhaja ta lalace, kana iya goge ta ka dawo da kwafin ajiya; idan kuwa wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta BIOS, babban allon sabar yana iya ƙin tashi sam, kuma neman madadinsa daga Sakkwato yana nufin aike zuwa Kano ko Legas, ko ma oda daga waje, da jiran makonni. Saboda haka ra'ayina shi ne na'ura ta shirya komai, amma mutum ne zai ba da izinin farawa, bayan ya je da ƙafarsa ya ga janareta yana da mai, batiran UPS, wato na'urar da ke ba da wuta idan ta ɗauke, suna riƙe wuta da gaske, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana aiki. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, na fi son a yi wannan aiki da asuba ko a ɗage shi, sai fa idan facin na toshe wata ɓaraka ce ta tsaro mai tsanani.

Wasu daga cikin kayan aikin suna cikin sabobinka tun ranar da aka kawo su. Kowace Dell tana da ƙaramar kwamfutar kulawa mai suna iDRAC, kowace HPE tana da iLO, kuma sababbinsu suna jin yare ɗaya da ake kira Redfish, wanda ƙungiyar DMTF mai tsara ƙa'idojin kula da kwamfutoci ta fitar a 2015, Ansible ma yana jin sa. Ga na Dell, shirin kamfanin mai suna OpenManage Enterprise zai kwatanta famwayar kowace sabar da jerin da ka amince da shi, ya nuna maka wadda ta tsufa, ya ajiye sabuwar tana jiran lokacin da za ka sake kunna na'urar. HPE kuwa yana tattara nasa a dunƙule ɗaya da ya gwada tare, wato Service Pack for ProLiant. Abin da aka saba shi ne a fara sabunta iDRAC ko iLO, sannan BIOS, sannan sauran katuna. Da yake ka ce ba ka taɓa su ba tun da aka sayo su, ka karanta bayanin da ke tare da kowane fayil, domin wani lokaci ba a tsallakawa daga tsohon zubi zuwa na ƙarshe kai tsaye, sai an ya da zango a wani na tsakiya. Famwaya ba ta bukatar sabuntawa kowane wata. Duba ta sau biyu a shekara ya wadatar ga ma'aikata irin taku.

Wani abu da ke damuna ƙwarai shi ne yadda ake barin waɗannan ƙofofin kulawa da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta. Wanda ya shiga iDRAC ya mallaki sabar gaba ɗaya, don haka ka canja kalmar, ka killace su a layin sadarwa na daban, kada su fuskanci intanet ko kaɗan.

A makon farko kada ka sabunta komai. Ka rubuta wa Ansible umarnin da zai zagaya sabobin goma sha biyu ya kawo maka zubin manhaja da na famwayar kowacce a takarda ɗaya, sannan ka ɗauki kwafin ajiyar sabar da ta fi muhimmanci, ka gwada dawo da shi a wata na'ura ka ga ya buɗe. Da wannan takarda za ka je wurin shugabanka ka nemi a ware maka awa biyu a kowane wata a rubuce, a kuma sanar da ma'aikata tun kafin ranar.