Shin "Indaba" Na Nufin Majalisar Dattawa a Harshen Zulu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan jin kalmar "indaba" a labaran Afirka ta Kudu, har na ji wani yana cewa sunan majalisar dattawan Zulu ke nan ta gargajiya. Haka abin yake? Idan ba haka ba, me kalmar take nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya faɗa maka bai yi nisa da gaskiya ba, amma bai kai gare ta ba. A bakin Bazule, indaba ba sunan majalisa ba ne. Ma'anarta ta fi kusa da kalmarmu ta "magana". Ka san Bahaushe kan ce "akwai magana", yana nufin akwai wani batu da ya kamata a zauna a kansa. To haka indaba take: batu, al'amari, zance ko labari. Jam'inta izindaba, kuma da shi ake kiran labaran rediyo da talabijin a harshen Zulu. Idan Bazule ya ce "yini indaba?" yana tambaya ne me ya faru, ko don me. Idan ya ce "anginandaba", cewa yake yi ba ruwansa.

To ina majalisa ta shigo? Idan babban al'amari ya taso, sarki da manyan ƙasa sukan zauna su tattauna shi. Turawan da suka shiga yankin a ƙarni na 19 suna jin ana ta cewa akwai indaba, sai suka laƙaba wa zaman sunan abin da ya tara mutane. Daga nan kalmar ta shiga Turancin Afirka ta Kudu da ma'anar taro. Shi ya sa littattafan tarihi ke kiran zaman sulhun da Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka ɗan Ingila, ya yi da shugabannin Ndebele a duwatsun Matobo na ƙasar Zimbabwe ta yau a 1896 da sunan indaba. Ndebelen can 'yan'uwan Zulu ne, harshensu kusan ɗaya.

Ita majalisar kanta sunanta ibandla, ana kuma cewa umkhandlu. A nan nake so ka tsaya, domin fassara ta da "majalisar dattawa" tana rage mata nauyi. Furfura kaɗai ba ta kai mutum cikin ibandla ta sarki. Masu zama a cikinta su ne izikhulu, wato manyan ƙasa, shugabannin manyan gidaje da 'yan gidan sarauta, tare da izinduna, waɗanda sarki ke naɗawa su riƙe masa jama'a da rundunoni. Sarkin Zulu yana da ƙarfi ƙwarai, amma al'amarin yaƙi ko na ƙasa ba ya yanke shi sai ya ji ta bakinsu, don kowannensu yana da mutane a bayansa. A watan Disamba na 1878, da Turawan Ingila suka miƙa wa wakilan Sarki Cetshwayo sharuɗɗa a bakin kogin Thukela, ciki har da rushe rundunonin Zulu cikin kwana 30, abin ya wuce ra'ayin sarki shi kaɗai. Tsarin rundunonin nan shi ne ginshiƙin mulkin, sarki da manyansa ba su amince ba. Yaƙi ya biyo baya, Zulu suka yi nasara a Isandlwana ranar 22 ga Janairu 1879, aka ci su a Ulundi ranar 4 ga Yuli. Babban mashawarcin sarki a lokacin shi ne Mnyamana Buthelezi.

A yau za ka fi jin ibandla a bakin Kiristocin Zulu, suna nufin jama'ar coci, umkhandlu kuwa ana kiran majalisar ƙaramar hukuma da ita. Akwai kuma imbizo, daga kalmar biza, wato kira. Wannan taron gangami ne da sarki ke kiran talakawa su hallara.

Ita kuwa indaba ta yi nisa da gida. Kowace shekara ana babban taron ma'adinai a Cape Town mai suna Mining Indaba. A taron sauyin yanayi na Durban a 2011, Afirka ta Kudu ta shigo da salon indaba don warware taƙaddama, kuma Faransa ta ɗauke shi a taron Paris na 2015: kowane wakili ya faɗi iyakar da ba zai ƙetare ba, sannan ya kawo shawarar da za ta kusanto da shi da sauran. Ina jin daɗin ganin kalmar Afirka ta yi irin wannan aiki, ko da ma'anarta ta ɗan karkata a hanya.

Idan rubutu kake yi, ka fassara indaba ta labarai da "taro" ko "zaman shawara". Idan majalisar sarkin Zulu kake nufi, rubuta ibandla.