Shin baƙin rami yana iya hana galaksi haihuwar taurari?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda baƙin rami (wuri a sararin samaniya mai ƙarfin janyowa da ko haske ba ya kuɓuce masa) da ke tsakiyar galaksi (babban tarin taurari), ƙarami idan aka gwada shi da ita, yake shafar ta gaba ɗaya. Amsar tana cikin feshin da yake yi.

Kusan ɗaya cikin goma na cibiyoyin galaksi masu ƙarfin haske ne ke fitar da igiyoyin rediyo sosai saboda irin wannan feshi, kuma galibi a manyan galaksi masu siffar ƙwai ake samunsu. Yayin da iskar gas ke faɗawa cikin ramin, maganaɗisun da ke kewaye da shi na harba wani ɓangare waje ta gefe biyu, da gudun da ya kusa na haske. Dubi galaksin M87: nauyin raminta ya kai na rana biliyan 6.5, feshinta kuma ya miƙe kimanin nisan da haske ke tafiya cikin shekaru 5,000. Tun 1918 masanin taurari Heber Curtis ya hango wannan feshi.

Abin da ya fi burge ni shi ne wannan. Taurari ba sa samuwa sai gas ya huce ya dunƙule. Feshin sai ya hura manyan kumfa a cikin gas mai zafi, ya hana shi hucewa. Chandra, na'urar hangen nesa da ke sararin samaniya, ta nuna irin waɗannan kumfa ƙarara a gungun galaksi na Perseus. Idan gas ya ragu, ramin ya rasa abinci, feshin ya lafa, gas ya sake hucewa, a koma farko.

Amma ba kullum hanawa yake ba. A galaksin Centaurus A, inda feshin ya matse gas, an ga sababbin taurari.