Tocilar ban-ruwa da batirin da anka rubuta wa 9900

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce ka ga tocila a kasuwa, kwalinta an rubuta lumen 100,000, wato awon ƙarfin haske, batirinta kuma 9900mAh, wato awon yawan cajin da yake ɗauka, kana tambaya ko ita ta fi haske ka saya. To ni na san ba haske kake nema ba. Da ni da kai duk fadamar Argungu muke kwana in noman rani ya kankama. Abin da kake so shi ne wadda za ta kai ka asuba ba ta mutu maka tsakiyar fangali ba. Wannan zan amsa maka.

Da farko wanga 9900 ɗin ƙarya ne, kai tsaye nake gaya maka. Batirin da ke cikin irin tocilolin nan shi ake kira 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65, sunan ke nan. Manyan kamfunnan da sunka ƙware da shi, su Panasonic da Samsung da LG, nasu mafi ƙarfi wajen 3500 yake tsayawa. To wa ya fi su, har ya cusa 9900 cikin gwangwani guda? Ko babban yayansa, 21700, wajen 5000 ake samu.

Ka ɗauke shi kamar injin ban-ruwanka. mAh ɗin nan girman tanki ne, lumen kuma yadda ka buɗe wa injin wuta. In batirinka 3000 ne na gaskiya, ka sa tocila a mafi ƙarfinta, irin mai ba da lumen dubu, tana jan wuta kamar amfiya 3, wato mAh 3000 duk awa, awa guda ta shanye shi. A'a, tsaya, ba ma haka za ta yi ba. Mai kyau ba ta yarda ta daɗe can sama, minti kaɗan kanta ya yi zafi, ita da kanta ta rage haske don kada ƙwan ya ƙone. Amma in ka sauko ƙasa, wajen lumen ɗari, abin da take ja bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, sai ka ga ta yi awa goma ko fiye. Kuma lumen ɗari ya ishe ka ganin bakin tiyo, ya ishe ka ganin kunama ko maciji gabanka. Ido ba ya lissafi irin na kwali, sai an ninka lumen kusan sau huɗu kafin ka ji kamar hasken ya ninka sau biyu. Ka ga ashe mai ne kawai kake ƙonawa.

Lumen 100,000 kuwa daga batiri ɗaya, kai, bar wannan maganar ma.

Ni abin ya ci ni ne, shi ya sa nake zafi. Ranin da ya wuce na shiga Birnin Kebbi, na sayi batiri guda huɗu wajen wani mai kayan wuta, jajaye, da hoton harshen wuta a jiki, 9900 ɓaro-ɓaro. Har rantsuwa ya yi mini wai ɗaya kwana biyu yake yi. Na kai wajen mai caji anka cika su, na tafi gona bayan isha'i. Wallahi kafin ƙarfe ɗaya na dare na canza uku. Na huɗun shina ciki hasken ya koma ja kamar na aci-bal-bal, ga inji na aiki, ga ruwa na gudu, ban ga inda kunya ta ɓalle ba. Ruwan da na saya wa fetur da kuɗina ya malale gonar maƙwabci, tawa ta can ƙarshe ko jiƙa ba ta yi ba. Da gari ya waye na tsaya ina kallon tsagewar ƙasa a fangali shida. Na koma wajen mutumin, ya ce wai cajin ne bai cika ba. Cajin ne bai cika ba! Guda huɗu duka? Wani yaro mai gyaran waya ya ɗora mini su a ƙaramin sikeli, kowane bai kai giram 30 ba, alhali na gaskiya wajen 45 yake yi ko sama kaɗan. Tun daga rannan ba na sayen batiri sai na jinjina shi a hannu. In ka ji shi sakayau kamar kara, aje musu abinsu. Kuma har gobe ban bi ta gaban shagon nan ba, ba don kuɗin ba, don rantsuwar da ya yi.

Yauwa, mi nake cewa? Awannin da ake rubutawa a kwali. Ko kamfanin kirki, ƙa'idar awonsu ita ce su ci gaba da ƙirga lokaci har sai haske ya sauko kashi goma cikin ɗari na yadda ya fara. Ke nan in ka ga awa takwas, ba awa takwas na hasken farko ba ne. Tociloli masu arha kuma tun daga farko suke dusashewa, don batirin na cike yana volt 4.2, yana sauka suna bin shi ƙasa, babu abin da ke riƙe musu wutar a ciki.

Ni yanzu waɗanda anka ciro daga tsohon batirin laftof nake amfani da su, yaron nan ya gwada mini ya ware masu rai. Biyu a aljihu, ɗaya a tocilar goshi, a haske na ƙasa, ina kai asuba da ragowa. Sai dai a aljihu ka naɗe su daban, kada su haɗu da makulli ko tsabar kuɗi, suna iya kamawa da wuta. Kada ka bar shi ya mutu murus kafin ka kai caji, kuma don Allah ku daina shanya su kan kwano kusa da sola cikin ranar nan tamu, zafi ke kashe su. Wanda ledarsa ta yage ko ya kumbura, ka rabu da shi.

In za ka shiga kasuwa ranar da ka ce, kira ni mu je tare, zan zo da nawa guda ɗaya ka riƙe a hannun dama, nasu a hagu.