Gurbin masu buƙata ta musamman a fom ɗin ƙidayar makarantu: in sa sifili?

Tambaya: Ni hedimasta ne a wata firamare ta ƙauye mai ɗalibai sama da 400. Fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara ya iso, akwai gurbin yara masu buƙata ta musamman. Ba mu da gurgu ko makaho, sai wani jami'i ya ce in sa sifili in wuce. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Kada ka sa sifilin nan.

Kuskuren da ya fi yi mana ɓarna shi ne zaton cewa da ido ake gane nakasa. Yaron da ba ya hango allo daga bencin baya, yarinyar da kunnenta ke fitar da ruwa tun tana ƙarama har jinta ya ragu, mai farfaɗiya da iyaye ke ɓoyewa, duk suna ajinka, ana kiransu daƙiƙai, wasu ma ana cewa iskoki ne. Sifilinka zai tafi ƙaramar hukuma, ya wuce SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ya shiga kwamfutar ma'aikata a matsayin gaskiya. Ranar tsara kasafi sai a ce makarantarka ba ta buƙatar komai. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a 2019 ba za ta amfani yaron da takarda ta ce babu shi ba. Jami'in da ya ce ka wuce kuwa, so yake ya tattara fom ya koma ofis kafin la'asar.

Daina tambayar iyaye ko ɗansu nakasasshe ne, a'a za su ce. Bi tsarin tambayoyi shida na Washington Group, wato ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙididdigar nakasa: wahalar gani, ji, tafiya, tuna abu ko mai da hankali, wanka da sa tufafi, da fahimtar magana. Amsa huɗu ce: babu wahala, kaɗan, sosai, ko ba ya iyawa sam. Biyun ƙarshe ake ƙirgawa. Uwa za a tambaya, ita da malamin aji, a keɓe, ba a gaban yara ba.

Idan lokaci ya ƙure, rubuta "ba a tantance ba" a gefen gurbin ka sa hannu. Sannan ka nemi mai unguwa ya taimaka a lissafa waɗanda ke zaune a gida ba a taɓa kawo su ba, domin fom ɗin nan wanda ke cikin rajista kaɗai yake ƙirgawa.