Tsawa ta ƙona amfilifayarmu alhali a kashe take

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ladani ne a wani ƙauye kusa da Ringim. A daminar bara tsawa ta ƙona mana amfilifayar masallaci, alhali a kashe take, kuma da sitabilaiza muke haɗa ta. Jama'a sun yi karo-karo an sayi wata. Ga damina ta sake kamawa, yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam ladan. Allah ya mayar da alheri, ya saka wa jama'ar da suka sa hannu.

Sitabilaiza ba ta yi muku laifi ba, don dama ba aikinta ba ne. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Idan ta yi ƙasa ko ta ɗan hau, sitabilaiza ce ke daidaita ta, shi ne wannan ƙas-ƙas ɗin da kake ji tana yi. Bugun tsawa kuwa kafin ƙiftawar ido ya shiga ya fita, ita ko motsawa ba ta yi ba. Makunni ma haka. Idan ka kashe shi, ratar da ke tsakanin ƙarafunan ciki 'yan milimita ce kawai. Wutar da ta keto sararin sama tun daga gajimare, wannan 'yar ratar ba za ta tsayar da ita ba.

Kuma ina kyautata zaton ba ta bango ta shigo muku ba. Ba sai aradu ta faɗo kan masallaci take ɓarna ba. Ko a gona ko kan wata kuka ta sauka nan kusa, duk wata doguwar waya da ke wurin tana kwasar wuta. To ku ga lasifika can saman hasumiya ko kan dogon ƙarfe, wayarta ta gangaro har bayan amfilifaya. Na taɓa buɗe wata da aka kawo mini daga ƙauye a cikin buhu. Fiyus ɗinta lafiya ƙalau, ko baƙi bai yi ba, amma ɓangaren da wayar lasifika ke shiga ya ƙone ƙurmus, har allon ya kumbura, ga ƙauri ya cika shagon.

Saboda haka maganin da na fi yarda da shi ba na kuɗi ba ne: a zare. Fulogin bango, wayar lasifika, da eriya idan akwai, duka a cire su a nesanta su da na'urar. Ka sa mai gyara ya yi wa wayar lasifikar kai irin na sokawa, don kada kullum sai an nemi sukundireba. Abin da ke da wahala mutum ba ya ɗorewa a kansa. Da an idar da sallar isha'i a cire, da asuba a mayar.

Lokacin cirewar shi ne inda nake so ka kula sosai. Da ka ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara tashi, to lokacin ke nan. Ƙara na tafiyar kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa 3, don haka idan ka ga walƙiya ka ƙirga tara kafin ka ji rugugi, tsakaninku kilomita 3 ne kacal. A wannan hali, don Allah kada ka taɓa waya, kada ka riƙe makirfo mai igiya. Ka kira salla da baki. Amfilifaya ana sake karo-karo a saya.

Akwai soket mai kariya da ake sayarwa, kuma yana da amfani ga ƙananan bugu. A cikinsa akwai wani ɗan abu kamar kwabo, yawanci shuɗi, wanda ke karkatar da rarar wuta. Sai dai kariyarsa ba ta cika sai da wayar ƙasa, wato wadda ke zuwa ƙafa ta uku ta fulogi. Gidajenmu da yawa a ƙauye waya biyu kawai aka ja. A nemi mai aikin wuta ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa ya haɗa, kuma a ƙasar rairayi irin ta Jigawa sai an nutsa ta sosai ta tarar da danshi. Wannan kwabon kuma yana gajiya, kowane bugu na cin ƙarfinsa. Sannan ba kowane soket mai jar fitila ne mai kariya ba. A duba kwalinsa, na gaske ana rubuta yawan jul ɗin da yake iya shanyewa, wato ma'aunin ƙarfin bugun da zai iya ɗauka.

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga Dambatta. Rediyon ɗakina mai manyan sifiku sau biyu yana ƙonewa, duk lokacin da aka dawo da wuta ne. Wani lokaci kuma da janareta nake kunna shi.

Amsa: Ƙanena, naka ya fi sauƙi. Da an ɗauke wuta ka kashe soket, idan an dawo da ita ka ba ta minti biyu ko uku ta zauna. Sitabilaiza mai maɓallin jinkiri tana yi maka wannan ko ba ka gida, a nan kam kuɗinta bai tafi a banza ba. Idan ka ga kwan fitila ya yi wani irin haske fiye da kima, fanka na gudu kamar za ta tsinke, maza ka kashe babban makunnin gida. Sau da yawa wayar nutural ce, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta, ta katse a layi, kuma wutar na iya kusantar bolt 400.

Janareta kuma, kada ka bari mai ya ƙare masa rediyo na kai, wannan shaƙewar da yake yi wutar hawa da sauka take. Ka tayar da shi ya daidaita kafin ka jona, ka zare kafin ka kashe shi. Kuma kada rediyo ya haɗa janareta ɗaya da injin ban ruwa ko na walda.