Tambayi Likita: Aikin Kalsiyam a Cikin Ƙwaƙwalwa

Likita, an ce mana a aji kalsiyam na da hannu a hadda. Ni da ƙashi da haƙori na san shi. (Ɗalibi, Zariya)

Gaskiya aka faɗa muku. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da sinadari suke aika wa juna saƙo, kuma babban mai zaburar da su shi ne gulutamet. Da ya sauka a kan ƙwaya sai ya buɗe ƙofofin da sodiyam ke shiga. Akwai wata ƙofar mai suna NMDA da maganiziyam ke toshewa, sai zaburarwar ta yi ƙarfi yake ficewa, kalsiyam ya kwararo ciki. Na waje ya ninka na cikin ƙwaya kusan sau 10,000, shi ya sa ko kaɗan ya shiga ƙwayar za ta ji. Gulutamet kan kuma sa ta saki kalsiyam ɗin da ta adana a ma'ajiyarta. Kalsiyam ɗin nan ke ƙarfafa mahaɗar ƙwayoyin biyu, har saƙon gobe ya fi na yau saurin wucewa. Masu bincike Bliss da Lomo suka bayyana wannan ƙarfafar a 1973, a ƙwaƙwalwar zomo. Amma shan ƙwayar kalsiyam ba ya ƙara hadda. Ka riƙe bita da isasshen barci.

Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki da dare, muka kai shi asibiti washegari da yamma, aka ce mun makara. Me 'yan awoyi za su canja? (Wata baiwar Allah, Maraɗi)

Allah ya ba Baba lafiya, Malama. Wannan tambayar ta fi damuna, don ba ku kaɗai ba ne. Idan gudan jini ya toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin wurin ba sa samun iska da sukari, ƙarfin da suke kwashe gulutamet da shi sai ya ƙare. Gulutamet ya taru, ƙofofi su tsaya a buɗe, kalsiyam ya yi ambaliya kamar ruwan da ya ɓalle madatsa ya cinye gonar da yake shayarwa. Yawansa na tayar da sinadaran da ke narkar da ƙwaya daga ciki. Ƙwayoyin tsakiyar wurin cikin mintuna suke mutuwa, amma na gefe kan yi awoyi suna galabaita, su ne ake tseren ceta. Allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon ake yin ta, bayan hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ba fashewar jijiya ba ce. Don haka karkacewar baki, sanyin hannu ko sarƙewar harshe, ba a jiran gari ya waye. Yanzu ku dage da gashi da maganin hawan jini in an rubuta masa, ana samun sauƙi.

Da gaske farin magi na kashe ƙwaƙwalwa? (Uwargida, Kano)

Hajiya, gulutamet ne a cikinsa, kuma tsoron na da asali: a 1969 wani mai bincike, John Olney, ya yi wa jariran ɓeraye allurarsa da yawa, ƙwaƙwalwarsu ta lalace. Sai dai allura daban, miya daban. Hanji ke amfani da mafi yawan wanda aka ci, sannan akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Gulutamet yana cikin tumatir da daddawa, har da nonon uwa. Ni abin da nake ji miki shi ne gishirin da ke cikin dunƙulen magi, wanda ke ingiza hawan jini. In kin sa magi, rage gishiri.

Matata ta yi jijjiga a wata na takwas, aka yi mata allurar maganiziyam. Me ya haɗa su? (Magidanci, Gusau)

Malam, allurar da ta dace aka yi mata. Cikin hanyoyin da ake ganin tana aiki akwai toshe ƙofar NMDA da na ambata, sai kalsiyam ya rage shiga, ƙwayoyi su lafa. Hawan jinin ciki ke jawo jijjigar, kuma tana iya zuwa ko bayan haihuwa. A ci gaba da auna jininta, ciki na gaba kuma ta fara awo da wuri.