Marubuta biyu suna ɗaya, ya zan raba su a katalog?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar laburare ce a wata kwalejin ilimi, wata bakwai kenan da aka sa mu kwashe tsoffin katunanmu muna shigarwa cikin Koha, manhajar katalog ta kwamfuta. Matsalata sunayen marubuta. In ɗalibi ya rubuta Ibn Hajar sai littattafai su zubo masa a haɗe, har wani malamin sashen addini ya ce min ai mutum biyu na cakuɗa. Haka ma Muhammad Bello. Sannan akwai littattafai uku na zamani masu suna ɗaya sak a bango, ɗaya na lissafi, ɗaya na soyayya, ɗaya na fiƙihu, na rasa ko mutum ɗaya ne ko uku. Ya ake raba su? Ko in bar su haka tunda dai littafin yana fitowa in an nema?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama don Allah kar ki bar su haka. Littafin yana fitowa kam, amma ɗalibin da bai sani ba zai ɗauki maganar wani ya jingina wa wani a furojet ɗinsa, kuma in an tambaye shi cewa zai yi ai haka ya gani a laburare, kin ga da hannunmu a ciki kenan.

Malamin nan gaskiya ya faɗa miki. Ibn Hajar biyu ne da suka shahara, kuma abin da ke ƙara rikita mutane shi ne duk su biyun Ahmad ne, duk ana musu laƙabi da Shihabuddin, duk Shafi'awa ne, duk a Masar aka haife su. Na farko Ahmad ɗan Aliyu al-Asƙalani, mai Fathul Bari da Bulugul Marami, an haife shi 773 ya rasu 852 bayan hijira. Na biyu Ahmad ɗan Muhammad al-Haitami, mai Azzawajir da Tuhfatul Muhtaj, shi sai 909 aka haife shi, wato shekara hamsin da bakwai bayan rasuwar na farkon, ya koma Makka da zama a can ya rasu. Ko haɗuwa ba su yi ba. Kuma shi ma Haitami yana da nasa Fathu, wato Fathul Mubin sharhin Arba'una Hadisi, to mai sauri yana ganin "Fathu" da "Ibn Hajar" shi ke nan ya tura wa mai Fathul Bari. Ki kuma lura akwai wani na uku da ke shigowa ta bayan gida, duk da shi ba Ibn Hajar ba ne, Nuruddin al-Haisami mai Majma'uz Zawa'id, ya rasu 807, tsakanin nisbarsa da ta Haitami a rubutun Larabci ɗigo ɗaya ne tak, Haisami ɗigo uku Haitami biyu, in bugun ya ɗan dushe sai kin kai littafin bakin taga kin duba da kyau.

Wannan aikin da kike tambaya a kai shi ne 'yan sana'armu ke kira otoriti, ni na fi so in ce rajistar sunaye. Ma'anarsa mai sauƙi ce: kowane mutum ɗaya yana da rajista ɗaya tasa shi kaɗai, a ciki an zaɓi siga ɗaya ta sunansa da za a riƙa amfani da ita kullum, an jera sauran sigogin da ake kiransa da su, an rubuta hujjar da ta sa aka ce shi ne. Sai a ɗaura kowane littafi da rajistar mai shi. Ba sunan ake yi wa rajista ba, mutumin ake yi wa. In kin riƙe wannan sauran duk bayani ne.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malaman hadisi sun daɗe da yin sa. Akwai fanni guda da suke kira almuttafiƙ wal muftariƙ, masu ruwaya da sunansu da na ubanninsu ya zo ɗaya amma mutanen daban ne, Khaɗibul Bagdadi da ya rasu 463 ya yi littafi sukutum a kai. In aka ce "Sufyanu ya ce" ba a fayyace ba, sai su duba wa ya karɓa daga gare shi, shi kuma daga wa ya karɓa, da haka su gane Sufyanus Sauri ne ko Sufyanu ɗan Uyaina. Duk lokacin da na zauna raba sunaye ina tuna su, don dabarar ɗaya ce, ana gane mutum ne da zamaninsa da mutanen da ke kewaye da shi da irin abin da yake rubutawa.

To a aikace ya ake yi. Ƙa'idar tsara katalog da ake kira RDA, da ta gaji tsohuwar ƙa'idar AACR2, wadda Laburaren Majalisar Amurka ya koma kanta a 2013, ta ba da abubuwan da ake ƙarawa a jikin suna in ya yi karo da na wani. Na farko shi ne shekarar haihuwa da ta rasuwa. A tsarin MARC, wato yadda ake raba bayanan katalog gida-gida masu lamba, sunan yana gida na 100, ƙaramin gida a shi ne sunan, d shi ne shekaru. Misalin da ake yawan koyar da ɗalibai da shi Winston Churchill ne, akwai Firaministan Ingila 1874-1965, akwai Ba'amurke marubucin ƙagaggun labarai 1871-1947, sun yi zamani ɗaya, shekarun ne kawai ke raba su a katalog. In ba a samu shekaru ba sai a cika sunan da aka gajarta, misali mutum ya sa M. S. a bango amma kin gano cikon, wannan ƙaramin gida q. In shi ma babu sai lokacin da ya yi tashe, shi ma a ƙaramin gida d, ko sana'arsa, likita, lauya, malamin lissafi, a ƙaramin gida c. Wajen shekarun hijira ki yi hattara, shekara ɗaya ta hijira tana iya ratsa biyu na miladiyya, 974 da aka fi kawowa a rasuwar Haitami ta faro a 1566 ta ƙare a 1567, ƙa'ida ta yarda ki rubuta "1566 ko 1567", ba dole sai kin yanke ɗaya da ka ba.

Muhammad Bello ɗinki kuma da sauƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, mai Infaƙul Maisur, 1781-1837, da Larabci mafi yawan rubutunsa yake. Shi kuwa Muhammadu Bello Kagara mai Ganɗoki, yayan Abubakar Imam, littafinsa ya fito ne daga gasar 1933 aka buga a 1934, kusan shekara ɗari bayan rasuwar wancan. Kin ga nan sunan gari ya taimake mu, kuma al'adarmu ta liƙa gari a jikin suna babbar rahama ce ga mai katalog, Kagara, Zungur, Tafawa Ɓalewa. In marubuci da kansa ya sa garinsu a bango to ya zama ɓangaren sunansa, kar ki yanke shi wai don a gajarta. Amma Alhaji da Malam da Dokta da Farfesa da sarauta, waɗannan ba a cika dogara da su ba don canzawa suke, wanda yake Malam a littafinsa na farko ya zama Dokta a na uku, ya zama Wazirin garinsu a na biyar, duk mutum ɗaya ne. Ki ajiye su a cikin rajistar a matsayin bayani, sai in babu wata hanyar rabawa sannan su hau kan sunan.

Yanzu ga mutanenki uku, wanda shi ne ainihin mai wuyar. Abu na farko kar ki yanke hukunci daga fanni kawai. Ana samun malamin lissafi da ke rubuta soyayya da daddare, ana kuma samun mutum biyu masu suna ɗaya duk suna rubuta fiƙihu a gari ɗaya. Fanni alama ce, ba hujja ba ce. Ki ɗauko littattafan uku daga kanta ki ajiye su gefe da gefe a tebur. Ki fara da shafin take da bayansa, sannan bangon baya inda ake sa hoto da ɗan tarihin marubuci, sannan inda aka jera sauran littattafansa. Amma ni wurin da ya fi fitar da ni kunya shi ne shafin sadaukarwa da godiya. Marubutanmu ba sa rowar godiya, za ki ga sunan mahaifi da mahaifiya, da malamin allo, da unguwa, da matar gida da 'ya'ya kaf an jero. Na taɓa haɗa mutum biyu a rajista ɗaya a wani laburare da na yi aiki, sun kai shekara biyu a haka, sai ranar da wani littafin ya dawo daga aro bangonsa ya ɓalle na zauna liƙewa, idona ya faɗa kan sadaukarwa, wannan yana yi wa mahaifinsa addu'ar Allah ya jiƙansa, na je na ɗauko ɗayan da aka buga bayan shekara huɗu sai ga shi yana roƙa wa nasa mahaifin tsawon rai, kuma sunayen iyayen mata ma daban. Abin ya dame ni sosai, don na san a shekara biyun nan ɗalibai da yawa sun kwafi kuskuren daga wurina.

In marubucin yana raye, hanya mafi kusa ki tambaye shi. Littattafanmu da yawa, musamman na kasuwar Kano, akwai lambar waya a ciki, ko ta marubucin ko ta mai shagon da ke rarrabawa. Ki kira ki gabatar da kanki, ki ce littafi kaza da kaza duk naka ne? Shekarar haihuwa kawai ta isa, ba sai rana da wata ba, kuma ki gaya masa za ta fito a katalog kowa ya gani, in bai so ba ki yi amfani da sana'arsa. Wani ma zai ce miki ta takarda daban ta gaskiya daban, sai ku tsaya a kan wadda ya yarda a sa.

Ga magabata kuma akwai kundayen tarihin mutane da ake dubawa, Al'a'lam na Zirikli da Mu'ujamul Mu'allifin na Kahhala, ga malaman ƙasarmu kuma juzu'i na biyu na kundin da John Hunwick ya tattara kan rubuce-rubucen Larabci na Afirka, wanda ya fito a 1995. A intanet akwai VIAF da ke tattaro rajistocin manyan laburarorin duniya wuri ɗaya kyauta. Yana da amfani ƙwarai, sai dai ki sani na'ura ce ke haɗa su, kuma sunayenmu irin su Muhammad Sani da Abubakar Umar da suka cika gari su ne suka fi saurin cakuɗewa, ki duba jerin littattafan da ke ƙarƙashin sunan kafin ki kwafa. Malaman kwalejinku kuma ki matsa musu su buɗe ORCID, lamba ce mai gurbi 16 da aka fara bayarwa a 2012, kyauta ce, tana bin mutum ko ya canza suna ko wurin aiki. ISBN ba ya wannan aikin, shi littafi yake nunawa ba mai littafi ba.

Duk abin da kika samu ki rubuta inda kika samo shi a gida na 670, ko da layi ɗaya ne: littafi kaza, bugun shekara kaza, bangon baya ya ce malami ne a sashen lissafi, ko hira ta waya da marubucin ranar kaza. Mutane na raina wannan gidan, alhali shi ne ke ceton wanda zai gaje ki a kujerar. Akwai kuma gida na 667 inda za ki bar wa abokan aiki saƙo cewa wannan ba shi ne wane mai littafi kaza ba. In kuma kin yi iya yinki hujja ba ta samu ba, kar ki ƙirƙiri shekara, kar ki haɗa su don ki huta. A da ana tara irinsu a rajista ɗaya a yi mata alamar ba a tantance ba, amma yanzu an fi son kowa a ware shi da ɗan abin da aka sani, ko da "marubucin littafin lissafi" ne kawai. Dalili kuwa, haɗa rajista biyu daga baya in ta tabbata mutum ɗaya ne aikin minti biyu ne a Koha, amma warware wadda aka cakuɗa sai kin bi littattafan ɗaya bayan ɗaya.

Kar ki manta da ɗaya fuskar matsalar, tunda kina kan aikin, wato mutum ɗaya suna goma. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, 1754-1817, za ki gan shi Usman dan Fodio, ki gan shi Uthman ibn Fudi, ki gan shi da haruffan Larabci. Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman. Marubuciyar da ta fara da sunan mahaifinta ta koma na miji, ko take sa Maman wance. Duk waɗannan gida na 400 ne wurinsu, ta yadda ko da wanne ɗalibi ya nema zai faɗo wuri ɗaya.

Abu na ƙarshe game da Koha ɗin kanta. Tana iya ɗaura suna da rajista da kanta, tana ma iya ƙirƙirar sabuwa in an kunna mata, amma haruffa take gani ba mutum ba, in suna ya zo iri ɗaya ba ta san Asƙalani da Haitami ba. Ki yi magana da mai kula muku da ita a duba waɗannan saitin, ki riƙa zaɓar rajistar da hannunki, za ki ga lambarta ta shiga ƙaramin gida 9, wannan ita ce shaidar littafin ya ɗauru. Kuma ba sai kin gyara katalog ɗin gaba ɗaya a wata guda ba, ki fara da sunayen da aka fi nema, Ibn Hajar, Muhammad Bello, sai Ibn Rushd kaka da jika, don na tabbata in kin duba za ki tarar an ba kakan Bidayatul Mujtahid alhali na jikan ne da ya rasu 595. Malamin nan da ya ankarar da ke kuma ki riƙe shi da kyau, ki buga masa jerin sunayen Larabcin a takarda ya bi miki da jan biro. Allah ya taimaka, in kin kira mutanen nan uku ki sanar da ni yadda kuka yi.